Na sa Corolla kasuwa, kowa sai tayin wulaƙanci yake min

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi ne ya turo tambaya, wai yana son sayar da Corolla ɗinsa ƙirar 2010 ya zuba kuɗin a jari, ya sa miliyan 7 amma duk wanda ya zo sai ya taya 5 ko 5 da rabi, to ya sallama ne ko ya ƙara jira?

Malam kafin komai, su waye suka san jari kake nema? Don wallahi in dillalai suka gane a matse kake to an gama, kowa zai zo ya zagaya motar ya buga taya da ƙafa, ya ce inji na hayaƙi, ya ce an taɓa fenti, kuma sau da yawa bakinsu ɗaya ne, na farko ya taya ƙasa, na biyu ya ƙara yin ƙasa, sai ka ga tayin farkon ya koma kamar alheri. In an tambaye ka dalilin sayarwa ka ce canzawa za ka yi, ya isa.

Sannan miliyan 7 ɗin nan daga ina ka samo ta? In kuɗin da shago ke buƙata ne ka ɗora wa mota, kasuwa ba ruwanta. Hau Jiji da Facebook ka ga nawa ake sa irin taka wadda aka hau a nan gida, kar ka gwada da 'yar Kwatano, kuma ka tuna abin da suka rubuta kuɗin nema ne ba na sallamawa ba. Kana da sa'a ɗaya dai, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ƙananan motoci marasa shan mai ake bi, masu babban inji irin V6 ne ke shan rana. Corolla kuwa kowane bakanike ya san ta, kayanta ko'ina akwai, don haka kar ka yi rawar jiki.

Ka yanke a ranka kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, kar kowa ya sani har dillalin da ka yarda da shi, shi ma ku tsayar da la'ada tun kafin ya kawo mutum. Mai saye ya taya ka ce albarka, ka yi shiru, bar shi ya ƙara da bakinsa. In za ka rage, rage kaɗan kaɗan.

Aibu kuma ka faɗa da kanka. Ɓoyewa algus ne, kuma bakanikensa zai gano, daga nan sai ya zaftare maka ninkin kuɗin gyaran. Wanki, canjin baƙin mai da cika gas ɗin AC suna biyan kansu, amma sabon fenti a'a, mutane sai su ɗauka haɗari aka rufe.

Ranar ciniki kar makulli ya bar hannunka don an nuna maka alat ko risit a waya, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. Gwaji ma kana ciki ake yi. Ku rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, shaidu su sa hannu, ka riƙe kwafi da hoton katin shaidarsa, ka matsa a yi canjin mallaka, don in aka yi ɓarna da motar sunan da ke takarda 'yan sanda za su fara nema. Takardar kwastam ɗinka tana nan kuwa? In babu, wataƙila ita ce ke jawo maka tayin miliyan 5 ɗin.