Tambayoyinku: Tsohuwar manhajar lissafi ta yi nauyi, a jefar ko a lallaɓa?

Wani Alhaji dillalin shadda da atamfa a kasuwar Balogun ya ce tun 2008 suke aiki da manhajar lissafi ta Peachtree, yanzu ta yi nauyi, abubuwan dannawa sun yi yawa ba sa gane rabinsu, ɗansa ya ce a jefar a sayi sabuwa.

Alhaji ranka ya daɗe, a bi a hankali. Manhajar kasuwanci da ta daɗe kamar gidan gado ce, duk wanda ya yi aure a ƙara masa ɗaki, na baya kuma ba a rushewa don da mutum a ciki. Wannan kwastoma ya ce a saka masa albashin ma'aikata, wancan ya ce yana ciniki da dala, gwamnati ta canja haraji dole a bi, kamar yadda harajin kayan masarufi, wato VAT ɗinmu, ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a Fabrairun 2020, amma tsofaffin rasit na kashi 5 dole su ci gaba da fitowa daidai, to kaga tsohon lissafi da sabo duk suna ciki a cunkushe. Ita Peachtree ɗin ma sunanta ya koma Sage 50 tun 2012. Dukiyarku a wannan kwamfutar ita ce bashin mutane da tarihin ciniki na shekara da shekaru, kuma wajen kwashe shi zuwa sabuwa ake yin asara. Ko bankuna manya da suka canja tsarinsu a 2024 kun ga yadda mutane suka yi ta fama da turansifa. In za ku canja, a fara kwafe komai a ajiye wuri biyu, a haɗa tsohuwa da sabuwa a yi aiki da su tare wata ɗaya ko biyu, sai bashin kowa ya fito daidai a dukkansu sannan a saki tsohuwar.

Wani matashi mai shagon tireda a Agege yana tambaya ko ya sa manhajar SAP, wai ya ji ita manyan kamfanoni ke amfani da ita.

Haba malam. SAP kamfanin Jamus ne tun 1972, an yi ta ne don masu masana'anta da dubban ma'aikata, girka ta kaɗai yana cin watanni. Littafin bashi da Excel sun ishe ka, kuɗin ka ƙaro katan ɗin madara.

Wata Hajiya mai motocin dakon kaya a Apapa ta rubuto hankali a tashe, yaron da ya rubuta mata manhajar ofis shekarun baya ya bar ƙasar, ba wanda ya gane kanta.

Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Akwai bankuna a duniya da har yau suke tafiya a kan COBOL, yaren kwamfuta na 1959, tsufa bai hana ta aiki ba. Matsalar ita ce ilimin yana kan mutum ɗaya. Ki neme shi da lalama tun yana ɗaukar waya, ki biya shi ya miƙo ainihin rubutun manhajar da duk faswad, ya zauna da wanda zai gaje shi ko ta bidiyo ne. Kafin nan kar ki bari kowa ya ce zai "gyara" miki ita.

Sai wanda ya ce an yi masa tayin manhajar lissafi ta QuickBooks a kasuwar kwamfuta ta Computer Village da ke Legas kan dubu biyar, wai iri ɗaya ce da ta asali.

Wannan ita ce ke ƙona min rai wallahi. Mutum zai biya hayar shago ta miliyoyi, ya sayi janareta, ya sayi waya mai tsada, amma abin da zai riƙe masa lissafin dukiyarsa gaba ɗaya sai ya nemi na sata. Araha ba ta ado. Manhajar da aka fasa ba ta karɓar gyara daga kamfani, in haraji ya canja tana nan a inda take, kuma wanda ya fasa ta ba ka san me ya cusa a ciki ba, daga mai kwashe faswad ɗin banki har mai kulle fayil ya nemi kuɗin fansa. Abin da ya fi muni, za ta yi maka aiki lafiya shekara uku huɗu, ka tara bayanai ka saki jiki, ranar da fayil ya lalace ba kamfanin da zai saurare ka tunda ba ka da lasisi, yaron da ya saka maka kuma ya canja layi. Balle ma in a kan Windows 7 aka ɗora ta, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. In ba ka da kuɗin lasisi ka tsaya a littafi da biro har ka samu. In ka tashi saye kuma, ka sayi lasisin da sunan kasuwancinka da imel ɗinka, kar ka yarda a yi rajista da na mai saka maka, sannan ka karɓi rasit.