Amsa kan haɗin gwiwar mishan a yankin tagulla

Malam, ka tambaya me ya sa mishan daban-daban suka haɗa kai a yankin haƙar tagulla na Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau. Dalilin shi ne ma'aikatan da suka kwararo garuruwa irin su Mufulira, Nkana da Luanshya sun fito ne daga ƙauyukan da kowace mishan ta keɓe wa kanta, sai ga su a unguwa ɗaya, babu ɗariƙar da za ta iya ɗaukar nauyinsu ita kaɗai.

Yajin aikin 1935, wanda 'yan sanda suka harbe ma'aikata shida a Luanshya, ya ƙara zaburar da mishan ɗin. A 1936 mishan ta Landan, Cocin Sikotilan da Metodis, tare da wasu, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwar mishan a yankin tagulla, wato United Missions in the Copperbelt, mai cibiya a Mindolo kusa da Kitwe, suka gudanar da makarantu da koyar da mata.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tuna shi ne Kiristocin Afirka ma'aikata sun riga Turawan mishan haɗa kai: tun kafin 1936 suna ibada tare, suna zaɓen dattawansu, suna tara kuɗin cocinsu da kansu. Wannan haɗin kai na cikin tushen Haɗaɗɗiyar Cocin Zambiya da aka kafa a 1965.