Dusar ƙanƙara a watan Mayu a Denba: masu hasashe ne suka rikice?

Ɗan'uwa, ka ce ka sauka karatu a Denba, babban birnin jihar Kolorado ta Amurka, jiya kana yawo da 'yar shara, yau kuma an ce dusar ƙanƙara na tafe. Ba rikicewa masu hasashen yanayi suka yi ba. A can, Maris ne watan da ta fi zuba, Afrilu ma ba baya ba, kuma takan leƙo har cikin Mayu.

Garin yana gindin duwatsun Roki, tudunsa ya kai mita 1,600. Idan iska mai laima daga tekun Meziko ta bugo ta gabas, sai ta hau dutse, ta huce, ta sauke kayanta. Haka aka yi a Maris ɗin 2003, dusar ta kai kusan santimita 80.

Wahalar hasashen ita ce, bambancin digiri ɗaya ko biyu ne ke raba ruwan sama da dusa. Shi ya sa ni ban cika gaskata hasashen mako guda a waya ba. Bi na ofishin hasashen yanayi na ƙasa da ke Bolda, wani gari kusa da Denba, na kwana biyu.

Daga Mayu zuwa Yuni kuma ƙanƙara ce abin tsoro, mai fasa gilashin mota. Kada ka adana rigar sanyinka tukuna.