A kulle kwikwiyo ko a sake shi?

Yarona, ɗazu muna wanke hannu ka ce na ruɗa ka. Wai jiya ka ji na ce wa mai kwikwiyon nan da ke kwance a bayan shago kada ya bar shi ya taka titi sai ya wuce sati 16 da haihuwa, alhali satin da ya wuce na yi wa wani mafarauci faɗa don ya kulle nasa a ɗaki ba ya ganin kowa. Ka ce to wanne ne, a kulle ko a sake? Kuma me ya hana mu yi wa wannan allurar rigakafi tunda ga shi a hannunmu? Jawo benci ka zauna.

Maganar allura gajera ce. Ba a yi wa mara lafiya rigakafi. Allurar nan tana koya wa jiki faɗa ne, jikin da ke amai da zawo kuwa ba shi da ƙarfin ɗaukar darasi. In ka yi masa yau ka yi asarar kwalba, kuma in ya mutu mai shi zai ce allurarka ce ta kashe shi. Sai ya warke sarai, yana ci yana wasa, sannan mu fara.

Abin da ke damunsa kuwa, ka riga ka ji warinsa da safe. Zawon jini mai wannan ƙarni, ga amai, ga ƙin cin abinci, a kwikwiyo ɗan sati 9 da ba a taɓa yi wa allura ba, farbo nake fara zargi. Cuta ce da ta bayyana a karnukan duniya wajen 1978, ta kuma zauna daram. Tana cinye bangon hanji, tana karya ƙwayoyin jini masu kare jiki. Magungunan da ke kan kantarmu babu mai kashe ta. Aikinmu shi ne mu riƙe ransa har jikinsa ya yi nasara da kansa: ƙarin ruwa, maganin tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin cutar da ke ratsa hanjin da ya yi rauni su shiga jini. In aka bar su ba jinya, har tara cikin goma na iya tafiya. In aka tsaya musu da wuri, galibi suna tashi.

Ruwan nan shi ne komai. Ka ga yadda na kama fatar bayan wuyansa na ɗaga na saki? Jiya tsayawa ta yi kamar an naɗe tsumma, yau ta fara komawa. Ka ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi: in ya bushe yana kama yatsa, da saura. In ka ga ya yi laushi yana lumshe ido, ka shafa masa ɗan zuma a dasashin, don sukarin jininsu na faɗuwa da sauri. Da zarar amai ya lafa a fara ba shi abinci cokali-cokali, shinkafa mai laushi da dafaffen naman kaza ba mai ba yaji. Kuma ka ja wa masu gida kunne a kan farasitamol da magungunan ciwon jiki na 'yan tebur. Don tausayi suke bayarwa, amma suna iya lalata masa hanta ko ƙoda.

Yanzu ga tambayarka ta gaskiya. Abin da nake tsoro ƙasa ne, ƙasar da wani kare ya yi kashi a kai. Ƙwayar farbo tana fita a kashi, tana zama a ƙasa wata da watanni, a inuwa mai laima har ta kai shekara. Bakin bola, gefen mahauta, gindin itacen da karnukan unguwa ke kwana, nan take. Ba sai kare ya haɗu da kare ba, takalmi ma yana kai ta. Ni da bakina nake gaya maka: ina sabon shiga aikin nan na fito daga gidan da kwikwiyo ke zawo, na wuce kai tsaye wani gida duba karya da 'ya'yanta shida, da takalmin da hannun. Cikin sati guda huɗu suka mutu. Shi ya sa kake ganin kwanon jabel, wato ruwan bilic, a ƙofa, jabel kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30. A fara kwashe ƙazanta a wanke, sannan a zuba a bar shi minti 10. A kan siminti yana aiki. A yashi kuwa sai dai a kwashe na sama a zubar.

Me ya sa sati 16? Kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa. Wannan kariyar tana raguwa a hankali, kuma muddin tana da ƙarfi takan kashe aikin allurarmu. Ba mu san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗaya ba, sai mu yi ta maimaitawa: ta farko a sati 6 zuwa 8, sannan duk bayan sati 3 ko 4, ta ƙarshe a sati 16 ko bayansa. Allurar nan ta haɗa har da ciwon da za ka ga an rubuta Carré a jikin kwalba. Ba karenmu na Hausa ba ne, sunan wani likitan dabbobi ne na Faransa da ya gano asalin ciwon a 1905. Ta haukar kare kuma a wata 3, wannan ba ta da ciniki, don ran mutane ne a ciki. Kuma ka san zafin Maradi a watan Afrilu. Kwalbar da ta kwana a firigo ba wuta, ko ta sha rana a jakar mai moto, ruwa ce kawai. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta.

Sai dai akwai wani lokaci da ba ya jiran allurarmu. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 ne kare ke koyon abin da zai ɗauka na gida da abin da zai ji tsoro har ya tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutanenmu da yawa sun ɗauka in aka ɗaure kwikwiyo a lungu ba ya ganin kowa, zai tashi jarumin mai gadi. Matsoraci yake tashi. Kuma mafi yawan karnukan da aka kira ni a kansu don sun ciji almajiri ko yaron maƙwabta, irin waɗannan ne. Mai gadi na kirki shi ne wanda ya san mai tallan fura, ya san mai ruwa, har in baƙon dare ya zo ya gane wannan daban ne.

To ka gani, ƙafarsa kawai muke hanawa. Idonsa da kunnensa a sake suke. A ɗauke shi a hannu ko a kwali a fita da shi ƙofar gida. Ya ji ƙarar kabu-kabu da injin niƙa, ya ga amalanke, ya ga mai rawani da mai hijabi da tsoho mai sanda. A tsakar gida ya saba da kaji da jajayen awakinmu tun bai san bin su da gudu ba. Yara su taɓa shi a hankali, babba na tsaye, ba jan wutsiya ba jifa. In akwai babban kare mai lafiya da aka tabbatar da allurarsa a karne, wato takardar rigakafinsa, su yi wasa a wuri mai tsabta. In ka ga ya maƙale wutsiya yana rawar jiki, an yi yawa, a koma ciki sai gobe.

Shi wannan namu da ke kwance, ko ya warke zai ci gaba da zubar da ƙwayar a kashinsa, don haka sati 2 ba shi ba wani kare. Amma mutum ba ya ɗaukar farbo. In ka zo sauya masa ledar ƙarin ruwa, kada ka yi kamar kana gyaran moto. Yi masa magana, taɓa kunnensa da tafin ƙafarsa, buɗe bakinsa ka rufe. Shi ne zai sa wata shida nan gaba ya tsaya mu yi masa allura ba sai mutum uku sun danne shi ba.

Tashi ka duba ledar ruwan, ina jin ta kusa ƙarewa. Ka tsoma takalminka a kwanon kafin ka dawo gaban shago.