Wace taya za ka sa ma motar da za ta shiga filin tsere

Yarona, na ji tambayarka. Ka ce wani kastoma ya kawo Toyota 86 yana so ya riƙa shiga filin tsere da ita, ya ce a sa mai taya mai faɗin milimita 245, kai kuma ka ga wasu hom-yus, wato tayoyin hannu da aka shigo da su daga waje, a cikin Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta nan Kumasi, zanensu cike, kana tambaya ko za su yi. Amsa a gajarce, ba za su yi ba. Ka karanta da kyau don wannan aikin ran mutum ne a hannunka.

Abu na farko da nake so ya zauna a kanka shi ne zafi. Taya a kan titi in ka taka burki sau ɗaya tana samun hutu kafin na biyu, amma a filin tsere babu hutu, burki, kwana, wuta, burki, kwana, haka za a yi ta yi minti 15 ko 20, robar tana dahuwa tun daga ciki. Tayar gari ta yau da kullum zagaye biyu uku za ta yi kyau, daga nan sai ta fara santsi kamar an shafa mata man shanu, direba ya murza sitiyari mota ta ƙi bin shi. Mu kuma nan kwaltar ma da zafinta take tun kafin a tada inji. Saboda haka ni in zan zaɓi taya ba zane nake fara dubawa ba, tambayata ita ce yaya robar nan za ta yi in ta ɗau zafi.

Su hom-yus ɗin nan da ka gani, koma ka duba gefensu. Da yawa daga Jamus ko Kanada suke zuwa kuma tayoyin sanyi ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a ciki, robarsu an yi ta ne don lokacin dusar ƙanƙara, a ranar Kumasi cinyewa take. Sannan ka nemo inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, in ka ga 2319 to sati na 23 ne a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana taurarewa. Ita kuma tayar tsere akwai ƙarin matsala, duk lokacin da ta yi zafi ta huce ƙarfin kamunta yana raguwa kaɗan, har a kai inda zane yana nan amma kamun ya tafi, kuma ba za ka gane da ido ba. Wannan ne ya sa ban sayen tayar tsere ta hannu ko da mai ita ya rantse. Wadda aka taɓa yi wa faci ma kar ta shiga fili.

To wace za a saya? Ka tambayi kastoman tukuna, motar nan da ita yake zuwa aiki ko ajiye ta yake sai ranar tsere? In da ita yake yawo Asawase zuwa Adum kullum kuma sabon shiga ne, irin su Michelin Pilot Sport 4S sun ishe shi, suna riƙe ruwa, kuma kafin su saki suna yin kuka su gargaɗe ka, mai koyo yana bukatar wannan kukan. In hannunsa ya faɗa sai a hau zuwa masu lamba 200 a wajen da aka rubuta Treadwear, kamar Hankook Ventus RS4 ko Yokohama Advan A052 ko Bridgestone Potenza RE-71RS. Ƙaramar lamba tana nufin roba mai laushi da kamu amma mai saurin ƙarewa. Sai dai kar ka gwada 200 na wannan kamfani da 200 na wancan ka ce ɗaya ne, tsarin na Amurka ne kuma kowane kamfani shi ke sa wa tayarsa lamba. RS4 an san ta da jure zafi da daɗewa, A052 ta fi ta kamu amma ba ta kai ta kwana ba. Ni a zafin nan namu RS4 zan ba mutum, don tayar da za ta yi aiki iri ɗaya daga zagayen farko zuwa na ƙarshe ta fi mai ba ka zagaye ɗaya mai daɗi. Su Toyo R888R masu zane kaɗan kuwa, ka gaya mai gaskiya, in ruwan watan Yuni ya same shi a hanyar gida da su, mota za ta hau kan ruwa ta yi iyo.

Maganar 245 kuma. Motar nan daga kamfani da 215/45 R17 ta zo, wato taya mai faɗin 215, rim ɗinta faɗin inci 7. In ka matsa 245 a wannan rim gefen tayar zai kumbura, a kwana ta riƙa lanƙwashewa, sitiyari ya yi lagwai-lagwai, kuɗi ya tafi mota ta ƙara lalacewa. 225 za ta zauna. In lallai 245 yake so sai ya sayi rim inci 8 ko 9, ka kuma duba kar ta goga jikin mota. Harafin gudu, wato harafin jikin taya mai nuna iyakar gudun da za ta ɗauka, kar ya gaza wanda motar ta zo da shi, W kilomita 270 ne a awa, Y 300, kuma duk huɗun iri ɗaya, ban yarda da gaba wata baya wata ba.

Iska ita ce inda yawancin falkanaiza suke kwafsawa, suna buga iskar da aka rubuta a jikin ƙofar mota su sallami mutum. A fili iska tana hawa, ƙarin psi 6 ko 8 a geji, wato ma'aunin iska, ba abin mamaki ba ne, to sai a fara ƙasa kaɗan, ya yi zagaye, yana tsayawa ka sa geji nan take tun tana da zafi, ka rage har ta zo inda kamfanin tayar ya ce, galibi tsakanin 32 da 36 ne da zafi. Ka ja alli a kafaɗar taya, in ya dawo allin ya goge har gefe to tana kwanciya, ko iska ta yi kaɗan ko kamba ɗin ne, wato yadda tayar ta karkata, sai a je alaimen a ɗan shigar da kan tayoyin gaba ciki. In ba a yi haka ba kafaɗar waje za ta cinye a yini ɗaya tsakiya tana sabuwa.

Ka sa sabon bawul a kowace, ka ɗaure noti da tok-renci, sifanan nan mai auna ƙarfin ɗauri, ba da taka sifana da ƙafa ba, a sake dubawa bayan zagayen farko in sun ɗan huce. Kuma kafin ya kama hanyar gida ka mayar mai da iskar da ka rage, don in tayar ta huce za ta faɗi ƙasa sosai. Gobe in ya zo ka kira ni mu auna rim ɗin tare kafin a yi oda.