Tambaya da Amsa: Na sa sabon SSD, tsohon had disk ɗina ya yi layar zana

Tambaya: Salam malam, dan Allah a taimaka. Ni a Agege nake, da hannuna na haɗa kwamfutata ta tebur, da ita nake yi wa mutane editin bidiyon biki. Satin da ya wuce na je Computer Village a Ikeja na sayo SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, mai 1TB irin siririn nan da ake kira M.2, na dawo na soka shi na kunna, wallahi sabon bai fito ba, kuma had disk ɗin da nake ajiye aikin mutane shi ma ya ɓace, ga bidiyon amare biyu a ciki. Ko na ƙona wani abu ne?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan uwa, kwantar da hankalinka, da wuya in ka ƙona komai. Matsala biyu ce ta haɗe maka lokaci ɗaya shi ya sa abin ya yi kama da bala'i.

Bari in fara da had disk ɗin tunda shi ne ya hana ka barci. Madabod, wato babban allon da ake soka komai a cikin kwamfuta, da yawansu ramin M.2 ɗinsu hanya ɗaya yake bi da wasu ramukan SATA inda ake jona had disk, to kana soka abu a M.2 sai bod ɗin ya kashe ɗaya ko biyu daga cikinsu da kansa, had disk ɗinka na nan lafiya lau, ƙofar da yake bi ce aka rufe. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka cire siririyar wayar SATA daga ramin da take ka mayar da ita wani ramin SATA ɗin. Littafin da ya zo cikin kwalin bod ɗin ya faɗi ramukan da ke mutuwa, na san yawancinmu da kwalin muke jefar da shi, amma in ka sa lambar bod ɗin a intanet za ka same shi. Kuma dan girman Allah in Windows ya ce maka ka yi fomat ɗin tsohon, wato ka goge shi, kar ka yarda, aikin mutane amana ne.

Shi kuma sabon, kana kunnawa ka riƙa danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod ɗin da ke zuwa kafin Windows ya tashi. In ka ga sunansa a can to lafiyarsa ƙalau, ba a yanka masa fili ba ne kawai. Koma Windows ka shiga Disk Management, inda ake tsara disk-disk, za ka gan shi da baƙin layi a kai, in ya tambaye ka tsarin disk ka zaɓi GPT, ka yi masa New Simple Volume don yanka masa filin, shi ke nan. Ka duba girman da kyau kafin ka danna komai kar ka taɓa wanda ba shi ba.

In BIOS bai gan shi ba, sake zaunar da shi. A karkace ake soka shi har haƙoran zinaren nan su shige, sannan ka danne ka ɗaure ɗan sukurun. Sau da yawa an kawo min kwamfuta na buɗe na tarar da shi rabi a waje yana lilo. Sannan M.2 kala biyu ne, akwai SATA akwai NVMe, kamanninsu kusan ɗaya amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka fara kwafe aiki ko sa Windows a kansa sai kana da UPS, batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka san halin wutar Legas, a ɗauke maka ita ana tsakar rubutu fayil ya lalace.

Tambaya: Malam na sayi SSD mai 500GB amma 465 yake nuna min, cutata aka yi? Daga 'yar uwarka a Idi-Araba.

Amsa: A'a hajiya, ba a cuce ki ba. Kamfani da dubu yake lissafi, Windows kuma da 1024, shi ya sa 500 ke komawa 465, 1TB kuma 931. In kina son sanin ko sabo aka ba ki, sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne, zai nuna miki awa nawa ya yi a kunne. In kin ga dubban awowi alhali an ce sabo ne, ɗauki rasit ɗinki ki koma shagon.