Ko hoton ciki yana cutar da jariri?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai wata 7 yana tsala kuka lokaci-lokaci yana naɗe ƙafafu, ga amai, likita ya ce a yi masa hoton ciki, amma kakarsa tana tsoron hoton zai cutar da shi.

Ki kwantar mata da hankali. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, da sauti yake aiki, babu haske mai ratsa jiki irin na eksire a cikinsa, shi ya sa ake fara yi wa jarirai shi.

A ganina likitan yana son tabbatar ko wani sashen hanji ya shige cikin wani, matsalar da aka fi gani tsakanin wata 3 da shekara 3. Idan aka gano da wuri, sau da yawa ana warware ta da iska ko ruwa ta dubura ba tare da tiyata ba, amma jinkiri yana iya kashe hanjin.

Don Allah kada a tsaya ba shi jiƙo ana jira. Idan aman ya zama kore, ko kika ga jini da majina a kashinsa, ki kai shi Asibitin Turai Yar'adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yau ɗin nan, ko da dare ne.